Akwatin kallo mai araha ko mai tsada: wanne zan zuba wa jarina?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan wuta a Gusau, wajen kasuwar Tudun Wada, ina sayar da filasma, dikoda da rimot. Kwanan nan mutane sun dame ni da tambayar akwatin nan da ake jona wa talabijin a kalli YouTube da Netflix. Na ware naira 600,000. Mai turo mini kaya daga kasuwar Alaba ta Legas ya ce zai ba ni MXQ Pro a sari da sauƙi, wani abokina kuma ya ce in sayo Apple TV ko Nvidia Shield don su ne masu ƙarko. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Abokinka bai yi ƙarya ba a kan ƙarko, amma ɗauko alƙalami mu buga lissafi. Apple TV 4K da ta fito a 2022 an sa mata dala 129 a Amurka, Nvidia Shield TV Pro ta 2019 kuma dala 200. In dala tana kan naira 1,500, ta farkon ta tashi 193,500, ta biyun 300,000, ba a sa kuɗin dako da ribar wanda ya shigo da ita ba. Jarinka kaf bai wuce Apple uku ko Shield biyu ba. Su kwanta a kanta wata huɗu suna shan ƙura, kuɗinka ya yi barci ke nan.

To wa ma zai saye su? Abin da ake biyan wannan kuɗi dominsa shi ne hoton 4K, wato hoto mai tsananin fitowa tar. Netflix da kansu sun ce 4K na cin data har gigabait 7 a awa ɗaya, kuma yana son intanet mai gudun megabit 15 a daƙiƙa. Ka tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Magidancin da ke kunna wa yara talabijin mai inci 32 da datar wayarsa ba zai ga bambancin hoton ba, ƙarewar data kawai zai gani. Ga wani abu da abokinka bai faɗa maka ba: Apple TV ba ta da ramin sa filash. Mu kuwa nan yaro ake aika wa mai tura fina-finai ya ciko filash, a dawo gida a kalla ba da data ba. Akwatin da ba ya karɓar filash ya rasa rabin amfaninsa a wajenmu.

Sai mai arahar. MXQ suna ne da masana'antu barkatai a Sin suke bugawa a kwali, shi ya sa kwali biyu iri ɗaya cikinsu ke bambanta. Na taɓa sayen wani irin waɗannan marasa asali don gwaji. Kwalin ya ce ƙwaƙwalwa gigabait 8, ma'ajiya gigabait 128, har da tambarin 8K da ruwan zinariya. Da na fara zuba manhajoji, ta huɗu ba ta shiga ba wuri ya cika. Rimot kuwa sai na miƙe hannu na saita shi da gaban akwatin kamar mai harbin tsuntsu da danƙo. Da rana ta take, ya ɗau zafi ya tsaya cak.

Yawancinsu ba su da shaidar tantancewar kamfanin Google, don haka Netflix ko dai ya ƙi hawa, ko ya ba da hoto mai hazo. Abin da ya fi damuna kuma, tun 2023 masu bincike suka gano wasu na zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta, kuma a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, abin da ake kira BADBOX 2.0. Araha ba ta ado. Kuma in akwati ya mutu, ba Alaba kwastoma zai je ba, shagonka zai dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga murya ranar da ka fi ciniki.

In ni ne, kaso mafi tsoka, kamar naira 350,000, zan zuba a 'yan tsakiya masu shaida, musamman Xiaomi TV Box S, wanda ke da ramin filash, rimot ɗinsa kuma da Bluetooth yake aiki ba sai an saita shi da gaban akwatin ba. Fire TV Stick na Amazon ma yana da kyau, sai dai shi ma ba ramin filash sai an ƙara masa waya. Yadda za ka gane mai shaidar Google (ban da Fire TV, shi ba shi da Play Store): buɗe Play Store ka shiga saiti, za ka ga inda aka rubuta ko Play Protect, tsarin tsaro na Google, ta tabbatar da na'urar. Jabu na yawo, kada ka yarda da kwali.

Masu arahar ka ɗauki kaɗan don masu filash da YouTube, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya ɗauka, ka kuma hana shi sa bayanan katin bankinsa a ciki. Kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa, matuƙar ba ce masa aka yi ƙwarya ce ba. Apple da Shield kuwa sai in wani babban mutum ya nema: ya ajiye rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, sannan ka yi oda.

Ragowar ka sayi rimot, adafta da wayar HDMI. Wutarmu da ke zuwa tana tafiya adafta take fara ƙonawa, yara kuma ba sa barin rimot lafiya, don haka cinikinsu ba ya yankewa. Kafin ka tura wa mutumin Alaba kuɗin kwali guda, ce masa ya fara turo biyu. Kunna su a shago daga safe har la'asar na kwana uku, wanda ya jure zafin Gusau shi za ka ƙaro.