Injin 300E Zai Zauna a Marsandin Mahaifina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Makka, wajen Shari'u Mansur. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Marsandi 300SE ƙirar 1989. A bazarar da ta wuce ta yi zafi muna hawan dutsen Hada za mu Ɗa'ifa, tun daga nan take haɗa ruwa da baƙin mai. Wani mai tashlihi, wato wurin sayar da kayan motocin da aka kwance, a Jidda ya ce yana da injin 300E. Ƙanena kuwa ya dage sai mu sa mai silinda takwas na 560SEL, tunda dai aikin za a yi. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Kafin ka kai kuɗinka tashlihi, a fara kwance kan injin nan a gani. Wannan injin, M103, ciwonsa sananne ne: gasket ɗin kai. Sau da yawa in ruwa ya haɗu da baƙin mai bayan zafi, gasket ne ya ƙone, ko kan ya ɗan lanƙwashe saboda alminiyam ne, gangar jikin kuwa ƙarfen zubi ce mai taurin rai. In kan bai tsage ba, sai a kai shi makharaɗa, wato wurin masu injin goge ƙarfe, a goge, a sa sabon gasket, shi ke nan. Ka tsira da injin da ka san tarihinsa tun kana zama a kujerar baya.

In kuwa an buɗe an tarar fistin ya kankare silinda, to sai a koma maganar canji, kuma mai tashlihin bai yi maka ƙarya ba. 300E, wadda mutanenmu a gida ke kira V-boot, da taka 300SE injinsu ɗan gida ɗaya ne: silinda shida a jere, lita 3, bawul 12, mai yana shiga ta tsarin feshin mai na KE-Jetronic. Amma kasancewarsu 'yan uwa bai sa rigar wa ta zauna wa ƙane daidai ba. Abin da nake yi shi ne in ajiye su biyun a ƙasa gefe da gefe, in bi su da ido: hannuwan da injin ke zama a kansu, kaskon baƙin mai na ƙasa, bututun hayaƙi, tiyoyin ruwa, da wayoyi. Duk abin da ya bambanta, sai in ciro na tsohon in ɗaura wa sabon. Saboda haka kada ka yarda mai tashlihi ya karɓe tsohon injinka a rangwamen ciniki kafin a gama aiki. Za ka neme shi. In kuma injin daga 300E 4Matic, mai ja da ƙafa huɗu, aka ciro shi, bar musu kayansu, kaskonsa daban ne saboda sandar da ke tura ƙafafun gaba ta cikinsa take ratsawa.

Yanzu ga inda aka taɓa cin kasuwata. Shekarun baya, ina aiki a sina'iyyar Jidda, wato unguwar makanikai, na je tashlihi da la'asar sakaliya, rana ta gama gasa ni. Aka nuna mini inji an wanke shi fes yana ƙyalli, aka ce lita 3 ne. Na taya, aka sallama, na ɗaura. Motar ta tashi lafiya ƙalau, amma da mai ita ya kunna na'urar sanyi ya ɗebi iyalinsa, sai ta koma tafiyar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Na shiga ƙarƙashi da tocila da tsumma, na goge lambar da ke jikin gangar injin: 103.94. Ashe na 260E ne, lita 2.6. A ido ba ka raba su. Na lita 3 lambarsa da 103.98 take farawa. Na motarka 103.981 ne, na 300E galibi 103.983. Kuɗin wannan aikin daga aljihuna ya fita. Tun ranar ba na sayen injin da aka wanke, na fi son in gan shi da dattinsa, in san ta ina yake yoyo. Ka sa a kwance fulogai shidan nan a gabanka, ka duba bayan murfin baƙin mai ko akwai wani abu kamar kindirmo, kuma a rubuta maka lambar injin da kwanakin garanti a kan fatura, wato rasit. Wannan takardar ka adana ta tare da istimara, wato takardar rajistar mota, ka kuma leƙa ofishin murur, 'yan sandan hanya, ka ji abin da suke buƙata kafin lokacin fahas, binciken lafiyar mota, ya zo.

Shi kuma ƙanenka, ka gaishe shi. Mai silinda takwas ɗin zai shiga, don kamfanin da kansa ya fitar da wannan jikin motar da shi. Sai dai ba shi kaɗai yake zuwa ba: giyabos ɗinsa, lagireto, wayoyi da kwamfutocinsa, salansa, sifirin na gaba, har da difiranshal. Mota guda za ku saya ku juye cikin wata motar. In 560SEL yake so, ya nemi 560SEL.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi: har yanzu ba ka gano abin da ya sa ta yi zafi a Hada ba. A Makka zafi kan haura digiri 45, ga hawa, ga na'urar sanyi a kunne. A duba lagireto ko ya toshe, da kulocin fanka, da famfon ruwa, da tamostat, wanda wasu makanikai ke cirewa su jefar wai don mota ta yi sanyi. A mayar da shi. Kuma a daina zuba mata ruwan famfo, a sa ruwan lagireto na gaske. In an gama, ka yi sati kana zagaye da ita cikin gari, idonka a kan allurar zafi, sannan ka gwada hawan Ɗa'ifa da sassafe, kai kaɗai, ba da iyali ba.