Hannun jarin da ya taɓa kai naira 40 ya dawo naira 8: zai koma kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya, na kusa ritaya. Ina da asusu wurin dillalin hannun jari, ina ɗan saye kaɗan-kaɗan. A wani zauren WhatsApp da nake ciki, mai zauren ya turo mana zanen farashin wani kamfani na shekaru da dama. Ya taɓa kai naira 40, ranar da ya turo yana naira 8. Ya ce ko rabin hanya farashin ya koma mun ninka kuɗinmu. Na zuba kuɗin adashen da na ɗauka, yanzu ga shi ya sauko naira 6. Ina tunanin sayar da filina in ƙara saye tunda ya ƙara araha, amma wallahi barci ya gagare ni. Tarihin farashi abin dogaro ne? Yaya ake karanta shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Kafin komai, don Allah ka bar filin nan inda yake. Sauran magana ta biyo baya.

Tarihin farashi yana da amfani, ni kaina kullum ina cikinsa. Amma abin da aka sayar maka a zauren nan wata tsohuwar ƙarya ce da ta ci mutane da yawa a ƙasar nan: wai duk farashin da hannun jari ya taɓa kaiwa, can ne gidansa, komai daɗewa zai koma. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan magana daga bakin mutum mai hankali ba, kuma na san inda muka samo ta. Mun taso muna ganin hatsi. Masara ta faɗi da kaka, mai ajiya ya saya ya kulle a sito, damina ta kama farashi ya tashi. Wannan lissafi daidai ne a Dawanau, domin akwai dalilin da ke dawo da farashin kowace shekara: rumbuna sun yi ƙasa, baki bai daina ci ba. Kamfani ba shi da kaka ba shi da damina. Idan ya faɗi saboda bashi ya yi masa katutu, ko kasuwarsa ta mutu, ko shugabanninsa sun wawure shi, babu wani wata a kalanda da zai tashe shi.

Ka tambayi waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna a 2007. A watan Maris na 2008 babban ma'aunin kasuwar Legas, All-Share Index, ya haura maki 66,000. Shekara ɗaya bayan nan ya dawo wajen 20,000. Mutane suka yi ta cewa a yi haƙuri, zai koma. Ya koma ɗin, amma sai a watan Agusta na 2023, bayan shekara goma sha biyar. Wannan kuma ma'aunin kasuwa ne gaba ɗaya. Ɗaiɗaikun kamfanoni fa? A Agustan 2009 Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, har da na Oceanic da Intercontinental da Afribank. A 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna, masu hannun jari suka tashi da takarda. A 2018 Skye Bank ya bi sahu. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai lokacin da farashinsa ya sauko har mutane suka ce ai wannan araha ce. Kuma ka lura, mai zaurenku ba zai taɓa turo muku zanen Afribank ba, don yanzu babu shi a jerin kasuwa. Zanen waɗanda suka rayu kaɗai ake iya nunawa, shi ya sa mai kallo yake ɗauka kowa yana farfaɗowa.

Ka ma yi lissafin da kanka, ai kai malami ne. Daga 40 zuwa 8 an rasa kashi 80 cikin ɗari. Kafin ya koma 40 sai ya ninka kansa sau biyar. Wanda ya saya a 8 yana ganin ba sauran inda za a faɗa, to daga 8 zuwa 4 rabin kuɗinsa ne ya tafi, daidai da wanda ya saya a 40 ya wayi gari a 20. Ƙanƙantar lamba ba ta rage zafin asara. Kai da ka saya a 8 yau kana 6, rubu'in adashenka ya riga ya narke.

Ban ce farashi ba ya farfaɗowa ba. Yana yi, amma da dalili, kuma dalilin a cikin littafin kuɗin kamfani yake. Dubi MTN Nigeria. An saka shi a kasuwa a Mayun 2019 kan naira 90. Da darajar naira ta karye, kamfanin ya tafka asara a 2023 da 2024, farashinsa ya ja baya. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data, kamfanin ya koma cin riba, farashi ya bi. Wanda ya karanta rahoton kamfanin ya ga masu amfani da layinsa ba su gudu ba, asarar ta canjin kuɗi ce. Wannan shi ake kira dalili. Mai zaurenku ya gaya muku nawa kamfanin nan ya ci riba bara? Nawa ake binsa bashi? Yaushe rabonsa da raba riba ga masu hannun jari? In bai faɗa ba, to layi kawai ya nuna muku mai hawa da sauka, kuma wannan ko yaron da ke riƙe da waya zai iya.

Yanzu ga yadda ake karanta tarihin. Abu na farko da za ka bincika, lambobin nan an daidaita su ko ɗanyu ne. Kamfani yakan ba da bonas, misali hannu ɗaya kyauta kan kowane huɗu, ranar sai kasuwa ta rage farashi gwargwadon haka. A ɗanyen jadawali za ka ga kamar faɗuwa ce, alhali mai hannun jari bai rasa ko kwabo ba. Akwai kuma akasinsa. Bankin Wema a 2022 ya haɗe kowane hannu uku ya zama ɗaya, Transcorp a 2024 ya haɗe huɗu ya zama ɗaya. Farashi ya yi tsalle a takarda, amma yawan hannun da kowa ke riƙe da shi ya ragu daidai da haka. Na ga masu yaɗa irin wannan tsalle a matsayin ribar dare ɗaya. A shafukan da ke kawo jadawali, nemi layin da aka rubuta wa Adj Close, wato farashin da aka daidaita, sannan ka gwada shi da sanarwar kamfanin a shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, domin shafukan waje sukan makara wajen gyara alƙaluman kamfanonin Najeriya. Ta yiwu ma naira 40 ɗin da aka nuna muku ba da ma'auni ɗaya aka auna ta da naira 8 ta yau ba.

Na biyu, kada ka kalli farashi ka bar yawan cinikin da aka yi. Kafin 2018 dokar kasuwa ta hana hannun jari sauka ƙasa da kwabo 50, sai ka ga kamfanonin inshora da yawa sun shekara da shekaru a kan kwabo 50 cif, layi miƙaƙƙe kamar babu matsala, alhali masu sayarwa sun yi layi ba mai saye. Kamfanin da ba a cinikinsa sosai, mutum biyu ko uku suna iya tura farashinsa sama. Tunda iyakar hawan rana ɗaya kashi 10 ne cikin ɗari, sai su yi ta buga wannan iyaka kwana bayan kwana, zane ya yi kyau, a turo wa irinku, ku shigo da kuɗin adashe, su sauke muku kayansu.

Sai naira kanta. A 2008 dala tana wajen naira 118. Lokacin da ma'auni ya koma matsayinsa a 2023 ta haura naira 700. Naira 40 ta wancan zamani da ta yau suna ne kawai ya haɗa su. A ɗaya ɓangaren kuma, zane ba ya nuna ribar da aka raba. Kamfanin da farashinsa bai motsa sosai ba amma yana biyan masu hannun jari duk shekara, yana iya fin mai tsalle-tsalle amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu waɗannan zauruka. Yawancinsu ba su da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan harkar hannun jari, ba su da ofishin da za ka je, ba sa gaya muku ko suna riƙe da hannun jarin da suke tallatawa. Ranar da abu ya lalace sai su rufe zaure su buɗe wani da sabon suna. Mun ga damfarar MMM a 2016, mun ga ta CBEX a 2025, dukansu da hoton lambobi masu hawa aka ja mutane, kuma har yanzu ba mu daddara ba. Malam, filin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Haƙƙin iyalinka yana ciki, kuma mai shirin ritaya ba shi da shekara goma sha biyar da zai zauna jiran zane ya juyo. Dukiya amana ce, za a tambaye ka inda ka kai ta, kuma "mai zaure ne ya ce" ba amsa ba ce.

Game da wanda ka riga ka saya, ka manta da 40, ka manta da 8 ɗin da ka biya. Ka sauko da rahoton shekara-shekara na kamfanin na shekaru uku da suka wuce daga shafin NGX, ka duba ciniki da riba da bashi da rabon riba, ka ga kuma ko yana kawo rahotonsa a kan kari ko an taɓa dakatar da cinikinsa saboda jinkiri. Sannan ka tambayi kanka: da kuɗin nan suna hannuna yau, zan sayi wannan kamfani a naira 6? In amsar a'a ce, ka kira dillalinka ya sayar, ko da kaɗan-kaɗan ne idan masu saye sun yi ƙaranci. In ka rikice a cikin rahoton, turo mini sunan kamfanin mu duba shi tare.