Tambaya da amsa: Nawa zan taya tsohon injin sassaƙa ƙarfe da na gani a Facebook?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata gyaran janareto da injin ban ruwa a Kaduna. Duk lokacin da bushin ya ci ko ɗan shaf ya lalace, sai na ɗauka na kai Panteka wajen masu injin sassaƙa ƙarfe, in bi layi, wani lokaci yini guda. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan wani ƙaramin inji da ya gani a kasuwar Facebook, sunansa Myford ML7. Wai na wani dattijo ne da ya rasu, 'ya'yansa ke sayarwa, sun sa fam 850. Fentinsa kamar sabo. Na san wannan ba waya ba ce ba kuma kwamfuta ba, amma ta waya na gan shi, ta waya kuma za a yi cinikin. Kuɗin ya yi daidai ko an tsauwala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ai tunda ta waya za a yi cinikin, maganar ta shigo rumfarmu ta harkar waya da kwamfuta.

Mu fara sanin abin da ake tallatawa. Kamfanin Myford da ke Beeston, kusa da Nottingham a Ingila, ya fito da ML7 a 1946, ya biyo da wanda ya fi shi, Super 7, a 1953. An yi su ne domin masu ƙere-ƙere a gida, irin mutanen da ke ƙera ɗan ƙaramin jirgin ƙasa don sha'awa. Tsohon kamfanin ya rufe a 2011, wasu suka sayi sunan, kuma har yanzu ana samun kayan gyaransa. Wannan na cikin abin da ya hana farashinsa faɗuwa. Yana juya ƙarfe mai faɗin inci 7, tsawon inci 20. Amma ramin da ya ratsa sandar kansa milimita 15 ne kawai ko kusa da haka, gudunsa kuma bai wuce juyi 640 a minti ba. Bushin, fil, ƙaramin shaf, duk zai yi maka. Shaf ɗin babban janareto kuwa, Panteka za ka koma. Ka auna wannan da ayyukan da suka fi zuwa maka tun kafin a kai ga maganar kuɗi.

Fam 850 ɗin nan kuɗin da mai kaya ya ambata ne, kuma kowa na iya ambata abin da ya ga dama. Abin da kake nema shi ne nawa aka sallama irinsa. Ka buɗe eBay na Ingila, ka rubuta "Myford ML7 lathe", ka shiga wajen tace sakamako ka zaɓi "Sold items". Zai jero maka waɗanda aka riga aka sayar kwanan nan da kuɗin da aka biya. Ka ɗauki goma ko fiye, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, ka duba tsakiya. Sai dai ka riƙa buɗe kowane ɗaya kana kallon hotunan, domin za ka ga inji biyu masu suna ɗaya, kuɗin wannan ya ninka na wancan, kuma duk masu sayen ba a cuce su ba. Bambancin yana wuri biyu: gadon injin, da kayan da suka biyo shi.

Gado shi ne doguwar shimfiɗar ƙarfen zubi da sirdin wuƙa ke zamewa a kai. Shi ne injin. Bel, moto, cok (bakin da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙawa), giya, duk ana sauyawa. Gado idan ya ci, sai an kai shi wurin masu babban injin wasawa, kuma kuɗin wannan aikin kan iya kai kuɗin injin kansa. Gadon ML7 ba a gasa shi ya yi tauri ba, saboda haka yana cinyewa, kuma kusa da cok yake cinyewa, inda aka shekara hamsin ko sittin ana kai da komo a ɗan taƙi guda. Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki: ƙanenka ya kawo sirdin kusa da cok, ya ɗan ɗaure kusar kulle shi har ya ji ya fara kamawa amma yana motsi, sannan ya murza shi zuwa wutsiya, wato ɗaya ƙarshen gadon. In ya tafi sumul har ƙarshe, gado lafiya lau. In ya yi rabin hanya ya cije, wajen cok ɗin ya rame ke nan, kuma duk sandar da ka sassaƙa za ta fito kai da gindi ba ɗaya ba. In masu kayan sun yarda a kunna, a ɗaura sandar ƙarfe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a yi mata yanka mara zurfi, a auna kaurin farko da na ƙarshe da maikiromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe. Abin da awon ya nuna ya fi duk bayanin da aka rubuta a talla.

Fenti kuwa, ni tsoro yake ba ni. Inji mai tsohon fenti da dattin mai a jiki ya nuna ana shafa masa mai. Wanda ya sha sabon fenti har kan kusoshi da bakin ramin mai, an yi masa kwalliya ne don kasuwa. Masu sayar da tsohuwar waya ma haka suke yi, a sauya murfi a bar batir a kumbure.

Bayan gado, a buɗe murfin kai a juya giyoyin baya da hannu, a duba haƙori ɗaya bayan ɗaya. Mutane kan sa wannan giya su kulle sandar kai don kwance cok da ya ƙi fita, su buga, haƙori ya ɓalle. A kama cok a jijjiga sama da ƙasa a ji ko akwai wasa. ML7 ba boris gare shi a nan ba, bushin ne na farin ƙarfe da mai ke ɗiga masa daga 'yan kofuna biyu a sama. In an bar su a bushe shekaru, sai an yi aiki. Ɗan wasa a hannun murzawa ba abin damuwa ba ne, duk tsohon inji yana da shi.

Sai kaya, inda a ganina rabin kuɗin yake. Ka ce a shimfiɗa duk abin da ke cikin durowa da kwalaye a ƙasa a ɗauki hoto. Akwai cok mai haƙori 3 da mai haƙori 4? Mai haƙori 3 ɗin yana tare da haƙoransa na waje? Su ne suka fi ɓata, kuma na wani cok ba ya shiga wani. Akwai faranti, da madogaran doguwar sanda, da cikakken jerin giyoyin sauyi na yanka tiredi? Ko injin mai akwatin giya ne a gaba, wanda ake sauyawa da liba? Wannan akwati kaɗai yana ɗaga farashi sosai. Magada sau da yawa ba su san darajar tarkacen da ke cikin kwali ba, wani lokaci ma sukan zubar. Duk abin da babu, ka nemi kuɗinsa a eBay ɗin nan ka cire daga tayinka.

Akwai wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Yawancin waɗannan injuna a kan inci aka yi su, doguwar kusar da ke jan sirdi tana da tiredi 8 a kowane inci. Janareton China da na Japan da kake gyarawa kuwa milimita ne. Ana iya yanka tiredin milimita da shi, amma sai da ƙarin giya. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi ya sa giya mai haƙori 127 ke ba da lissafi cif. A Myford an fi amfani da mai haƙori 21, wadda ke kusantar lissafin yadda ya isa aiki. Ka tambaya ko tana ciki.

Kada ka tura ko kwabo na kafin alƙalami. Ka sa hoton tallan a Google Lens. In ya bayyana a wani tsohon talla a wani gari, ɓarawo ne ya kwafo. Labarin "na mahaifinmu ne da ya rasu" gaskiya ne sau da yawa, 'yan damfara ma sun san yana sanyaya zuciya. Ƙanenka ya je da ƙafarsa, ya kira ka ta bidiyo a WhatsApp, ka sa shi ya yi gwajin sirdin kana gani, ya nuna maka lambar da aka buga a jikin gadon. Ban da haka cinikin biri a sama ne.

A ƙarshen lissafi ka ɗora kuɗin ɗauko shi daga gidan, da akwatin katako, da kwantena, da kwastan, da motar Legas zuwa Kaduna. Ƙarfe ne da mutum ɗaya ba ya ɗagawa. Jimillar ka kwatanta ta da kuɗin sabon ƙaramin injin China irin na kamfanin Sieg da ke Shanghai, wanda da ma a milimita ake samunsa. ML7 mai lafiyayyen gado da cikakkun kaya ya fi shi, zan biya fam 850 ɗin ban yi dogon ciniki ba. In sirdi ya cije a hanya kuma cok ɗaya ne tal, ko rabin kuɗin ba zan taya ba.

Tambaya: Malam, ni daga Maraɗi nake. An yi mini tallan South Bend mai inci 9 da aka kawo daga Amurka. Mai shi ya ce tsufansa ne darajarsa. Haka ne?

Amsa: A'a, Alhaji. An ƙera su da yawan gaske a garin South Bend na jihar Indiyana, ba abu ne mai wuyar samu ba. Ka tambayi samfurinsa: A yana da akwatin giya, B da C sai an sauya giya da hannu, C kuma shi ne mafi ƙarancin daraja, don haka kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Gwajin sirdin da na faɗa a sama yana aiki a kansa. Sannan ka karanta farantin da ke jikin moton. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 220 zuwa 230 mai bugu 50. Wasu motocin ana sauya musu haɗin waya su karɓi 220, amma gudunsu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. In farantin 110 ko 115 kaɗai ya nuna, ka cire kuɗin sabon moto daga abin da za ka taya.