Ɓarin Kai, Haɗi da Gamin Gambiza

Tambaya daga Zariya: Malam, "ciwon barin kai" ne ko "ɓarin kai"?

Ɓarin kai ne, da lanƙwasa. Shi ne ɓarin da ke cikin ɓarin goro da shanyewar ɓarin jiki, domin ciwon ya fi kama gefe guda, yana sara, ga tashin zuciya, mai shi ba ya son haske ko hayaniya. Don Allah a daina laƙaba sunan ga kowane ciwon kai na yunwa ko zafin rana.

Tambaya daga Maraɗi: Likita ya rubuta mini ƙwayoyi iri biyu in sha tare da zarar ciwon ya taso. Yayata ta ce gamin gambiza ne. Haka ne?

A'a, 'yar'uwa, yayarki ta aje kalma inda ba muhallinta ba. Gamin gambiza shi ne cuɗa abubuwan da ba su dace da juna ba, ba tsari ba dalili. Naki haɗi ne, kowace ƙwaya da aikinta. Misali sumatriptan yana tsuke jijiyoyin jinin da suka buɗe a kai, naproxen kuma yana kwantar da kumburi, ya daɗe a jiki don kada ciwon ya komo. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a ƙwaya guda, miligiram 85 da 500. Akwai kuma haɗin asfirin da farasitamol da kafeyin.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɓata kalmar haɗi. Mutum ya tsaya bakin kemis ya ce "a haɗa min na ciwon kai", yaron shago ya zubo ja da fari da rawaya a 'yar leda, ba suna, ba tambayar ko yana da hawan jini ko gyambon ciki, alhali sumatriptan bai dace da mai ciwon zuciya ba, naproxen kuma yana fama gyambo. Wannan ledar ce ta cancanci sunan da yayarki ta faɗa. Ko haɗin likitan ma, in ana shan sa kwana 10 ko fiye a wata, shi da kansa yana iya jawo ciwon kai. Ki riƙa ƙirga kwanakin, ki kai masa.

Tambaya daga Kumasi: Bayan shan magani, "ya warke" zan ce ko "ya lafa"?

Ya lafa, tunda yakan dawo.