Tambaya da Amsa: Zinarin Mahaifiya, a Gyara ko a Canza?

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Shara Mansur, Makka: Mahaifiyarmu ta rasu ta bar awarwaro huɗu da sarƙa da 'yan kunne, na aurenta ne. Awarwaro ɗaya ya tsage, maƙullin sarƙar kuma ya lalace. Yayata ta ce mu kai kasuwar Utaibiyya a canza mana da na yayi, ni kuwa raina bai kwanta ba. Mene ne shawararku?

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta. 'Yar'uwa, muna bayanki, kada ku yi gaggawa. Abin da aka narkar ba ya dawowa.

Ku fara da haƙƙin magada. Zinarin mamaciya dukiyar gado ce, har 'ya'ya maza suna da rabonsu ko da yake ba sa sawa, sai dai abin da ta ba wata kyauta tana raye ta kuma damƙa mata. A auna kowane yanki daban a gaban kowa, a yi masa kuɗi da farashin ranar. Wadda zuciyarta ta rataya a kan sarƙar sai ta ɗauka a cikin rabonta, in ta zarce ta cika wa sauran kuɗinsu nan take. Yawancin ɓacin ran da zinari ke jawowa tsakanin 'yan'uwa daga tsallake wannan mataki yake tasowa.

Sannan ki san abin da mai shago ke saye: nauyi da karat kawai, wato ma'aunin yawan tsantsar zinarin da ke cikin kayan. Duba cikin awarwaron ko kusa da maƙullin sarƙa, za ki ga hatimi. 875 shi ne karat 21, wanda ya fi yawa a kasuwannin Saudiyya, 750 karat 18 ne, 916 kuwa 22. Tsohon aikin maƙeran gida sau da yawa ba shi da hatimi, sai an goga shi a dutsen gwaji ko an sa shi a na'ura. Awarwaro mai giram 40 na karat 21, tsantsar zinarinsa giram 35 ne, a kansa za a yi ciniki. Kuɗin ƙira, wato masna'iyya, wanda aka biya a da, ya tafi, kuma za a cire nauyin duwatsu. In kin juya za ki sayi sabo, ga sabuwar masna'iyya, ga harajin kashi 15 cikin ɗari. Za ku fito da zinarin da bai kai wanda kuka shiga da shi ba, kuma ba shi ne wanda ya zauna a hannun Hajiya ba. Ga kuma batun riba: ba a musayar zinari da zinari sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. In sayarwar ta zama dole, ku sayar ku karɓi kuɗinku, sannan ku sayi sabo a ciniki na daban.

Gyara kuwa abu ne mai sauƙi. Maƙulli sauya shi ake yi, ki dai tabbatar karat ɗinsa ɗaya da na sarƙar, ki kuma karɓi tsohon. Tsagewar awarwaro ana liƙe ta da zinari. In mai rami ne a ciki, ko yana da lu'ulu'u ko fairuzu (shuɗin dutsen ado), nemi shagon da ke da na'urar liƙi ta leza, domin wutar maƙera tana lotsa siririn bango, tana kuma ƙona irin waɗannan duwatsu. A auna a gabanki kafin aiki da bayansa, a rubuta nauyin da karat a rasit. Ki hana a yi masa gugar inji mai yawa: tana cin zinarin, tana share zanen hannu, wanda shi ne abin da ya bambanta tsohon aiki da na yanzu.

Tambaya, daga wata amarya a Jidda: Zoben da kakata ta ba ni ya fara yin fari-fari a ciki. Ko jabu ne?

Amsa: Ba lallai ba ne. Duba man da kike shafawa. Wasu mayukan bilicin suna da zaiba (sinadarin mercury), ita kuwa tana manne wa zinari ta mayar da shi fari, in ta daɗe har ya riƙa karyewa. Cire zoben yau, ki ware shi daga sauran kayanki, ki kai wa maƙeri. Kada ki ƙona shi a gida, hayaƙin zaiba guba ne. Man kuma ki rabu da shi, abin da yake yi wa ƙoda ya fi wannan muni. Ruwan bilic na wanki ma yana cin wuraren liƙi. In dattin sabulu da turare ne kawai ya dusashe shi, jiƙa shi minti 15 a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ki goge da buroshi mai laushi, ki ɗauraye a cikin kwano, ki tsane da auduga. Ban da man goge baki, yana karce shi.

Tambaya, daga Madina: Zinarin gado da na ajiye don tunawa, ba na sawa, akwai zakka a kansa?

Amsa: Hajiya, nisabi giram 85 ne na tsantsar zinari, wato kimanin giram 97 na karat 21, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. A kan kayan adon da mace ke sawa malamai sun saɓa: Malikiyya ba su wajabta ba, Hanafiyya sun wajabta, haka ma Shaihu Bin Baz. Naki da yake a ajiye, abin da ya fi kwanciyar rai shi ne ki fitar in ya kai nisabi. Da kuɗi za ki biya gwargwadon farashin ranar, ba sai kin taɓa ko ɗan kunne ɗaya ba.