Me Ya Sa Haƙoran Roba Ke Motsi a Baki?

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifiyata haƙoran roba sama da ƙasa, wata biyu bayan an cire mata ragowar haƙoranta. Na ƙasan suna motsi idan tana tauna, har sun ji mata ciwo a dasashi. Sau ɗaya aka ɗauki awon bakinta da wani abu mai kama da ƙullu. Ko laifin wannan abin ne?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Bisa yadda kika kwatanta, abin da aka cika mata baki da shi aljinet ne, wato garin da ake samu daga wata ciyawar teku, a kwaɓa shi da ruwa, a zuba a ɗan faranti, a danna a kan dasashi, ya daskare cikin minti 2 zuwa 4. Yana da araha, yana kuma fitar da siffar baki daidai gwargwado, amma ba ya jure jira. Yawancin jikinsa ruwa ne, saboda haka idan aka bar shi a sarari sai ya bushe ya tsuke, idan kuma aka jiƙa shi sai ya kumbura. Ƙa'ida ita ce a zuba masa filasta, wato kwaɓin farin gari da ke daskarewa ya ɗauki siffar bakin, cikin kamar minti 15. A lokacin hunturu, awon da aka ajiye a kan tebur ba tare da an lulluɓe shi da danshi ba, kafin a kai shi ɗakin haɗa haƙora gefensa ya fara janyewa daga farantin, kuma duk abin da aka gina a kansa zai gaji wannan karkata.

Abin da ya fi damuna shi ne awo ɗayan da kika ambata. Ga bakin da babu haƙori ko ɗaya, awon aljinet share fage ne kawai. Daga shi ake ƙera farantin da ya dace da bakin mutum shi kaɗai, a gyara gefensa yayin da majiyyaci ke motsa harshe, likita kuma na jan leɓe da kumatu, sannan a sake awo da abin da ya fi riƙe siffa, kamar silikon, wani abu mai kama da roba wanda kan yi kwanaki bai sauya ba, ko haɗin sinadarin zink da man kanumfari. Siffar wannan gefen ce ake fitarwa a jikin haƙoran robar, ita ce kuma ke hana iska shiga, har yawu ya manne roba da nama.

Sai dai ba zan ɗora wa awo laifin duka ba. Bayan cire haƙori ƙashin muƙamuƙi yana zaizayewa, mafi yawa a wata 3 zuwa 6 na farko, don haka bakin da aka auna a wata na biyu ba shi ne bakin Hajiya na yau ba. Na ƙasa kuwa dama sun fi wuyar zama, domin ba su da faɗin ganda da za su kama, ga harshe yana ture su.

Ki mayar da ita wurin likitan. Zai shafa wani farin man gwaji a cikin robar, ya ga inda take danna nama, ya rage wurin. Idan robar ta yi wa bakin yawa, ana iya ƙara mata shafi daga ciki ba sai an sake sabuwa ba. Kafin nan ta riƙa cire su da daddare tana sa su a ruwa, kuma kada a kankare su da reza a gida. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba bayan gyara, wajibi ne a duba shi da kyau.