Takunkumin fuska da yaro mai ciwon suga: abin da na gani da 'yata

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yaronki lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce shekararsa takwas, yana kan allurar insulin, ga hazo ya sauko kina so ki riƙa sa masa takunkumi saboda ƙura, amma an tsorata ki cewa yana toshe numfashi har ya tayar da suga. Ni ma tun 2019 nake fama da irin wannan ciwon a jikin 'yata, a nan Gombe.

Ki kwantar da hankalinki, takunkumin kansa ba ya taɓa suga. Iska na ratsa ƙyallen, likitocin tiyata ma wuni suke da shi a fuska. Na sha gwada ta ranar da ta sa da ranar da ba ta sa ba, abin da ke juya lambar shi ne tuwon da ta ci da guje-gujen da ta yi. Mura da zazzaɓi kuwa su ne ke hargitsa suga, kwana uku kina bin sa yana gudu. Don haka in za mu shiga Keke Napep da sanyin safiya, ko za mu asibitin koyarwa ganin likita, sai ta sa.

Inda na sha wuya daban ne. Da aka koma makaranta bayan kullen korona, an ce ba mai shiga aji sai da takunkumi. Ni kuma a fuska nake karanta yarinyar nan. In suganta ya fara sauka, leɓenta kan yi fari-fari, gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hancinta kamar raɓa, bakinta ya ɗan riƙa rawa. Duk wannan wurin shi takunkumin ya rufe. Wata rana wajen sha ɗaya ta kifa kai a kan tebur, malamar ta ɗauka lalaci ne, har ta yi mata tsawa. Akwai alawa a aljihunta, amma tsoron cire takunkumi ya hana ta sha, don an ce duk wanda ya cire za a yi masa bulala. Da na iso na zare shi, ya jiƙe sharkaf, na'urar gwajin suga ta nuna 52. Alhali ƙasa da 70 ma an riga an shiga haɗari. Ƙwayar sikari uku na jiƙa mata a ruwa, bayan minti goma sha biyar na sake gwadawa, sannan na ji ƙafafuna sun dawo jikina.

Ban ga laifin malamar sosai ba, yara sun fi hamsin a gabanta, kuma ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Laifina ne da na yi ta ɓoye ciwon wai kada a riƙa nuna yarinya da baki. Washegari na je na zauna da ita da shugaban makarantar, na ce 'yata za ta cire takunkumi ta ci ko ta sha a duk lokacin da ta ji jikinta ba daidai ba, ba sai ta ɗaga hannu ba. Ki yi haka, har da malamin Islamiyya. Ki kuma gaya musu in yaro ya suma, su cire takunkumin, kada su ɗura masa komai a baki, asibiti kawai.

Ɗaya gefen ma haka ne. In suga ya hau ƙwarai, numfashi kan yi sauri da zurfi, baki ya riƙa wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce. Da takunkumi ba za ki ji ba, kuma za ki iya cewa ai ƙyallen ne ke sa shi haki. In kin ga haki da amai ko ciwon ciki, gwaji za ki yi nan take, ba canza takunkumi ba.

Ki riƙa tuna masa shan ruwa, don yaro in an rufe masa baki mantawa yake, ga hunturu na busar da jiki. Wanda ya jiƙe a canza shi. Tawa ta yi ƙuraje a haɓa da suka daɗe ba su warke ba, tun daga nan biyu nake sa mata a jaka. In akwai ƙanensa, a lokacin korona Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a buƙatar sa wa ɗan shekara biyar zuwa ƙasa takunkumi.

Yanzu duk safiya kafin ta fita, na kan ce ta sauke shi in ga leɓenta, in laluba aljihu in ji alawar tana nan, sannan in buɗe mata ƙofa.